Babin da Saniyar Bubayero Ta Shanye

Duk wanda ya ce maka Malama Haulatu ta Sukuntuni 'yar duba ce, ka ce ya zo ya maimaita a gabana. Sunana Kubura, taubashiyarta ce ni, uwata da ubanta ciki ɗaya suka fito, kuma shekara goma sha ɗaya na yi a ajinta na matan aure ina tuntuɓe da babbaƙu da farfaru. Na san ta tun ba ta iya ɗaura zane ba. Laifinta guda ne a duniya: tana rubuta labarin zamanin da bai zo ba, da ajami, an ce ta bari ta ƙi. A kan wannan aka karɓe mata ajin da ta shekara goma sha tara tana koyarwa, kuma ni na ga yadda aka yi tun daga farko.

Ubanta Malam Nata'ala mai makaranta ne kuma manomi, irin malaman nan da za ka gani da safe a kan buzu, da hantsi a bayan garma. Haulatu tana da shekara tara aka fita bayan gari duban watan azumi. Kowa ya ɗaga kai yana ƙyafta ido, ita kuwa sai ta ja rigar ubanta ta ce, "Baba, wanda ke zaune bisa watan, shi mi zai duba shi ɗauki azumi?" Yayanta Abdulmannan, wanda ya girme ta da shekara bakwai, ya ɗaga hannu zai make ta. Malam ya riƙe hannun. Sannan ya ce, "Wallahi ban sani ba. Ga allo, tahi ki rubuto mani abin da kike zato."

Kwana uku ta yi, ta dawo da allo cike ciki da baya. Ta ce mutanen da ke kan wata, duniyarmu za su riƙa dubawa, in sun ga ta fito siririya sai su ɗauki azumi, kuma har ta naɗa musu liman. Malam ya yi dariya har da hawaye. Ni dai a ganina tun daga ranar aka rasa kanta, kuma na sha faɗa mata haka, don ba na ɓoye wa taubashi magana.

An aurar da ita Rimaye ga wani malamin firamare, Ɗanmaliki, mutum mai sanyin hali da ke da kwali guda na littattafan Turanci. Ita ba ta jin Turanci, sai yakan juya mata su da Hausa in ya dawo daga aiki. Shi ya gaya mata cewa a wasu ƙasashe akwai marubutan da ba su da aiki sai ƙaga abin da zai iya faruwa. Wani ya kai mutane wata a takarda tun ba a ƙera jirgin zuwa ba, wani ya gargaɗi mutane kan na'urar da za ta fi ƙarfin mai ita, kuma ana girmama su, ana karanta su a jami'o'i. Haulatu ta saurara har ya gama, sannan ta tambaye shi, "A cikinsu duka, akwai wanda ya tahi da gero? Akwai wanda ya tahi da saniya?" Ya ce bai taɓa gani ba. Ta ce, "To mu ina munka shiga?" Allah ya jiƙan Ɗanmaliki, har ya rasu bai samo mata amsa ba.

Bayan takaba ta dawo gidan ubanta. Lokacin Malam Nata'ala ya riga mu gidan gaskiya, makaranta da gida suna hannun Malam Abdulmannan. Ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ya buɗe mata ajin matan aure, shi ya sa aka yi masa rufin kwano da ƙofa mai kwaɗo. Ta fara da mata shida, kafin a je ko'ina mun haura arba'in. Matan da ko alif ba su sani ba suka koma suna rubuta wa 'ya'yansu wasiƙa da ajami. Ajin nan shi ne ranta. Ko zazzaɓi take yi sai ta lallaɓa ta zo, ta zauna ta jingina da bango tana gyara mana madda.

Gadon da ya zo hannunta daga ubanta manyan alluna ne guda biyar, waɗanda suka yi baƙi-baƙi don tsufa. A kansu take aikinta. In an tashi daga aji bayan la'asar, sai ta dama tawadarta ta gawayi da ƙaro, ta fiƙe alƙalamin kara, ta duƙa. Ba ta taɓa fara labari a takarda. Sai ta rubuta a allo, ta karanta da ƙarfi, ta ja tsaki, ta wanke, ta sake. Babi ɗaya yakan ci wanki goma. Sai ranar da kunnenta ya yarda sannan take kwafe shi a takarda, ta sa cikin gafakar fata. Shekara huɗu ta yi a haka ta samu babi shida.

Labarin kuwa na shekara ta dubu ɗaya da ɗari bakwai ne bayan hijira. Ƙasa ta matse, an nome burtali kaf, rijiyoyi sun ƙafe. Manoma da makiyayan Kankia da Kusada, bayan sun gaji da kai juna ƙara, sai suka haɗa kai suka ƙera jirgi mai girman gari, za su tafi wata duniya da irin gero da shanu. Tafiyar ta kai tsawon rayuwar kaka da uwa da jika. A ciki ana gardamar inda alƙibla ta koma, ana gardamar wa zai riƙe rumbun iri, kuma wata tsohuwar ungozoma ce ke raba faɗan. Mu uku take karanta wa in aji ya watse. Ni aikina tsokana. Na taɓa ce mata, "Wanga jirgin naki duk girmanshi ba turmi? Da haƙori za su daka geron?" Ta harare ni, amma mako mai zuwa sai ga turmi a babi na huɗu, an ɗaure shi da igiya don kada ya tashi sama.

Babi na bakwai shi ne na ranar shigar da shanu jirgi, kuma shi ya fi ba ta wahala. Wata bakwai tana fama da shi. A ƙarshen bazarar bara ta kammala shi, ya cika allunan nan biyar ciki da baya. Ta jingina su a bangon tsakar gida su sha rana, da niyyar ta kwafe da yamma, muka tafi suna a maƙwabta.

A rugar da ke bayan garinmu akwai Inno mai tallar nono, matar Bubayero, wadda ta fi shekara ashirin tana shiga gidan su Haulatu da ƙwaryarta. Saniyarsu Saige, uwar garken, ta haihu ta kwanta, ta ƙi ci, ta ƙi ɗanta. Bubayero ya kira malamin dabbobi daga Kankia ya yi mata allura, sannan ya zo wurin Malam Abdulmannan neman rubutu, don a wurinsa ba a tafiya da ƙafa ɗaya. Malam ya rubuta addu'o'i a ƙananan alluna biyu ya ajiye a inuwar rumbu. Da yake yana saurin tafiya gona, sai ya ce wa Bubayero, "Alluna na nan tsakar gida, Inno ta shiga ta wanke ta tahi da shi."

Inno ta shiga ba kowa. Ita ba ta karatu, baƙi duk baƙi ne a idonta. Ta ga ƙananan alluna biyu a laɓe a inuwa, ta ga manya biyar a fili sun cika maƙil da rubutu. Kai ma in saniyarka ce a kwance, wanne za ka ɗauka? Ta yi bismilla, ta ɗebo ruwa a randa, ta wanke su tas a ƙwarya, har da goge gefe da yatsa don kada albarka ta salwanta.

Da muka dawo, Haulatu ce a gaba. Na ga ta tsaya cak, sannan ta zauna a ƙasa, a kan ƙasar tsakar gida da zanen sunanta. Allunan suna nan a jere, a jiƙe, ba ko ɗigo. Ta ɗauki ɗaya ta juya bayansa, ta ɗauki na biyu ta juya. Ni kuma idona ya kai kan allunan Malam a gindin rumbu da rubutunsu cif, ga sawun ƙwarya a ƙasa, nan take na gane abin da ya faru. Allah ya yafe mini, dariya ce ta kuɓuce mini har na riƙe ciki. Na ce, "Haulatu, babinki na cikin saniya!" Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kuma ta yi daidai.

Ana wata ga wata, Saige ta miƙe. Kwana uku da shan babi na bakwai ta tashi ta lashe ɗanta, nono ya dawo. Inno ta zo da man shanu cikin ƙoƙo za ta yi wa Malam godiya, ni kuma da bakin nan nawa da ba ya riƙe ruwa na ce mata ai ba allunan Malam ta wanke ba, na Malama ne. Da na san abin da zai biyo baya da na haɗiye harshena.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Kafin mako ya zagayo, makiyaya sun fara tsugunawa a ƙofar gida, daga Rimaye, daga garin Boko, har daga rugagen da ban taɓa jin sunansu ba. Malam na zaune a zaure da ɗalibansa za su gaishe shi da ladabi, sannan su ce rubutun Malama suke nema. Haulatu ta aike ni in gaya musu ba addu'a ba ce, labari ne, kuma saniya allura ce ta tashe ta da ikon Allah. Suka gyaɗa kai suka ce haka malaman ƙwarai suke, ba sa son a san su. Wani dattijo ya tambaye ni labarin mene ne, na ce na abin da zai faru nan da shekara ɗari biyu da hamsin. To fa. Washegari wani ya zo tambayar yaushe ruwa zai sauka, wata ta zo a duba mata inda ragonta ya shiga. Duk wanda ya zo da kaza ko ƙwarya Haulatu ta mayar masa da abinsa, amma sunan duba ya riga ya manne.

Malam Abdulmannan ya aiko a ba shi gafakar. Kwana biyu yana karantawa, ko gaisuwa ba ya amsawa sosai. Ranar Alhamis da hantsi, da yake ba makaranta, ya kira ta zaure, ya kira Liman Dalhatu, tsohon aminin ubansu, ya zama shaida. Ni na ɗauki faifan wake na zauna bayan ƙyauren ciki ina tsinta, kuma har aka gama ban tsince ko tsakuwa ɗaya ba.

Malam ya ajiye gafakar a tsakiya ya ce, "Haulatu, abu ukku. Kin rubuta ƙarya bisa allunan da sunka ɗauki Alƙur'ani shekara sittin. Kin sa shekara, kin ce ga abin da za ya faru cikinta, gaibu kuwa sai Allah. Kuma kin tara jahilai ƙohwar gidan Baba suna neman duba. Ko ki ƙone wagga takarda ki tuba da wanga aiki, ko ki ba ni makullin aji. Ba ni barin mai duba ta koyar da matan mutane."

Da ta buɗe baki muryarta ba ta rawa. "Na farkon ka yi gaskiya, Yaya. Allunan Baba ba nan ne wurinsu ba, ga abin da ya jawo, na karɓi laihina. Na ukkun kuma ka ga da idonka ina korarsu. Amma na biyun ina da tambaya. Ran da Inno ta shigo, ina kake?"

"Gona."

"Mi kake yi a gona, ba a yi ruwa ba?"

"Bizne," in ji shi, wato shukar da ake binne iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba.

"Ka zuba tiya biyu ta iri cikin ƙasa mai zahi, ko girgije babu. Wa ya hwaɗa maka za a yi ruwa? Gaibu ka sani?"

Liman Dalhatu ya yi wani tari da na san ba na mura ba ne. Malam ya ce, "Ba sani na yi ba. Zato na kyautata ga Ubangijina."

"To ni ma bizne nike. Ban ce haka za a yi ba. Cewa na yi in haka ta faru, mu mi za mu yi. Littahin fiƙihun da ka karantar da ni cike yake da in kaza ta auku, in ɓera ya hwaɗa rijiya, in matafiyi ya ɓace bai san gabas ba. Waɗanda sunka rubuta su duba sunka yi?" Ta jawo gafakar kusa da gwiwarta. "Ka karɓi wayar kowane yaro a garin ga ka kalli finafinan da suke kallo na zamani mai zuwa. Ba mai sallama, ba mai rawani, ba gero, ba saniya. Kowa ya rubuta kanshi cikin gobe, mu an bar mu baya kamar ba a taɓa yinmu ba. Jikokinmu na kallo suna koyon cewa in duniya ta ci gaba ba da su za a tahi ba. Ni ban yarda ba. Baba ya ce in rubuto abin da nike zato, kai kana wurin, hannunka ya riƙe."

Na yi zaton a nan Malam zai fashe. Bai fashe ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. A hankali ya ce, "Hujja kin hi ni tun muna yara. Amma mutanen da ke tsugune waje ba hujja suke ji ba, baƙi suke gani. Makarantar Baba ba ta ɗaukar sunan duba. Maganata na nan."

Liman ya so ya raba. Ya ce, "Ɗiyata, ki koma rubuta shi da boko mana. Ba wanda za ya wanke boko shi sha, kowa ya huta."

Ta ce, "Allah shi ƙara maka lahiya, Baba Liman. Matan da nike rubuta wa ajami suka iya, kuma ni na koya masu. In na koma boko, na rubuta wa mutanen birni ke nan. Ajami ba na malamai kaɗai ba ne, da shi kakanninmu sunka rubuta waƙa da wasiƙa da maganin ciwon ciki."

Ta tashi ta shiga gida, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Ta dawo rungume da allunan nan biyar, ta jera su a gaban yayanta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kwance makullin aji daga gefen gyalenta. Ƙullin ya shekara goma sha tara a wurin, sai da ta sa haƙori. Ta ɗora shi a kan allon sama, ta ɗauki gafakarta ta rataya. Malam ya bi makullin da kallo, na rantse bai zaci za ta ajiye ba. Ni kuwa kuka na yi a kan waken mutane, na baƙin ciki da na jin haushi, har da na jin kunyar bakina da ya jawo.

Ranar Asabar aka ba matar wani ɗalibin Malam ajin, yarinya mai ladabi da ba ta da laifin komai. Wasu matan suka daina gaishe da Haulatu a gidan biki. Ni na yi yaji, mako guda ban je ba, sai ita da kanta ta zo har ɗakina ta ce, "Tashi ki tahi aji. Karatun na Allah ne, ba na Yaya ba. Kin ga da wa za ki yi fushi, ke da har yau ba ki raba sad da sin?" Na koma, amma na zauna a layin baya ina kumbure-kumbure.

Ranar kasuwar Kankia ta hau mota ta je ta sayo biro da littattafan rubutu irin na 'yan firamare. Ta tsani biron. Ta ce yana santsi, ba ya jin magana, baƙi ba ya fita da ƙiba da siranta kamar na kara. Ga shi ba wanki, in ta yi kuskure sai dai ta ja layi, takarda ta yi ta kallonta da kuskuren. Babi na bakwai kuma ya ƙi dawowa. Ta san abin da ya faru a ciki, amma kalmomin sun tafi da ruwan ƙwarya. Har ruwan farko ya sauka, biznen Malam ya tsiro layi-layi, ita tana nan da shafi ɗaya duk zane.

Inno ta daina shigowa gidan tun da ta ji abin da wankinta ya haifar. Sai da Haulatu ta aika mata sau biyu sannan ta zo, wata la'asar, ta tsuguna nesa a bakin ƙofa tana cewa, "Malama, ki yahe mani, ban sani ba, wallahi ban sani ba." Haulatu ta ce, "Matso. Tunda saniyarki ta sha, ke ma sai kin ji abin da ta sha." Ta buɗe gafaka ta fara daga babi na ɗaya. La'asar uku ana yi, ni ma ina fakewa da ciwon kai in gudo daga aji. Inno ba ta ko motsi, ƙuda na sauka a ƙwaryarta ba ta kora.

A rana ta uku aka zo inda takarda ta ƙare. Haulatu ta ce sauran sai dai da baki, ta fara ba da abin da ta tuna: yadda aka kafa gadar ƙarfe zuwa ƙofar jirgi, samari suka zagaye garke da sanduna suna kora. Sai Inno ta ɗaga hannu.

"A'a, Malama. Wanga ƙarya ne."

Na ce a raina yau ga wadda ta fi Malam ƙarfin hali. Haulatu ta ce, "Ina ƙaryar?"

"Nagge ba a korarta ta shiga inda ba ta sani ba. Ko kun kashe ta ba ta hawa ƙarhe. Mai ita shi ka shiga gaba, shi juya baya, shi kira uwar garke da sunanta. In ta taka, sauran duk sun taka. Kuma ku zuba kashinsu bisa gadar tun jiya, su ji warin gida."

Haulatu ta zura mata ido. Sannan ta jawo littafin, ta ja dogon layi a kan shafin nan guda da ta yi wata biyu tana fama da shi, ta buɗe sabo. Ta ce, "Gara da kinka wanke shi. Ci gaba, mi kuma?" Inno ta yi ta zuba: yadda ake ɗaukar ɗan maraƙi a kafaɗa uwar ta biyo, irin kukan da saniya ke yi in ta ji ƙasa ta ƙare a ƙarƙashinta, abin da ake raɗa mata a kunne. Biro na gudu, ban taɓa ganin yana jin maganarta kamar ranar ba.

Can Inno ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta, ta ce, "Malama, 'ya'yana sun ce kiwo ya ƙare. Biyu sun tahi birni acaɓa. Ko'ina anka taru cewa ake nan gaba ba mu. Ashe can ɗin akwai mu?"

"Da ku za a tahi," in ji Haulatu. "Ba jirgin da ke tashi sai shanu sun shiga. Mi sunan uwar garken taki?"

"Saige."

Ta rubuta, ta juya littafin ta nuna mata wurin da yatsa. Inno ta daɗe tana kallon baƙaƙen nan huɗu da ba ta iya karantawa, hawaye na bin tsagar fuskarta. Sannan ta goge ido ta ce, "Wanga ma ana sha?"

"Wanga ba ya wankuwa," in ji Haulatu.

Daidai lokacin muryoyin matan aji suka taso ta bayan katanga, su arba'in suna bin sabuwar malama, kuma suka gajarta madda a inda ya kamata a ja. Biron ya tsaya. Na ga leɓenta yana motsi, tana ja musu ita a hankali yadda ta saba, har ta dafa ƙasa kamar za ta miƙe. Ba ta miƙe ba. Ta jira suka wuce ayar, ta gyara littafin a kan cinyarta, ta ce wa Inno, "To, Saige ta taka gada. Wa ke bin ta?"